Tsofaffin kaya da launi mai ƙarfi: a fara da kabad kafin a zaɓi fenti

Kuskuren da ya fi yawa wajen ƙawata ɗaki da launi mai ƙarfi shi ne a sayi fenti tukuna, sannan a shiga neman kayan da za su dace da shi. Aikin ya fi sauƙi idan aka juya shi. Launin fenti ya kai dubbai, ana kuma iya haɗa maka wanda kake so, amma tsohon kabad na katako mai kyau ko dardumar da ta shekara arba'in guda ɗaya ce tak, ba ka da ikon canza ta. Don haka ita ce za ta ja ragama, bango ya bi ta.

Ɗauki abu guda da ya fi kama ido a cikin tsofaffin kayan da kake da su: darduma, kujera mai yadi, madubi mai firam, ko fitilar tebur. Duba shi da kyau da rana. Za ka ga launin da ya mamaye shi, da wani ƙarami da ke ɓoye a gefen zane ko a cikin saƙa. Wannan ƙaramin shi ya fi dacewa da bango. Dardumar da ja ya cika ta, amma akwai zaren shuɗi mai duhu a bakinta, shuɗin nan za a kai bango. Idan aka kai jan, bango da darduma za su yi ta kokawa, babu wanda zai fito.

Sanin zamanin da kaya suka fito yana rage wahala, domin kowane zamani da launukan da aka ƙera kayansa su zauna da su. Salon Art Deco, wanda ya samo sunansa daga baje kolin da aka yi a Faris a 1925, yana son baƙi da ruwan zinare da kore mai duhu, da madubai da zane mai kusurwa. Kayan shekarun 1950 zuwa 1960, masu siraran ƙafafu da katako mai ruwan zuma, sun fi haskawa a gaban rawaya mai ɗan duhu, ko shuɗi mai surkin kore. Na shekarun 1970 kuwa ruwan goro ne da ruwan ƙasa da koren ganye. A farkon shekarun 1980 Ettore Sottsass ya kafa ƙungiyar masu zana kayan ɗaki ta Memphis a Milan, suka zo da ruwan hoda da rawaya da shuɗi masu ƙyalli a kan farin fili da baƙin zane. Ba dole ne a kwafi zamani guda sak ba. A ganina ma ɗakin da komai nasa ya fito daga shekaru goma guda yakan zama kamar gidan tarihi, mutum ya ji tsoron zama a kujera. Tsofaffin kaya biyu ko uku masu nauyi sun wadatar, sauran su zama na yau, marasa hayaniya.

Wajen rabon launi, masu ƙawata ɗaki suna da ma'auni mai amfani: kashi 60 na babban launi, kashi 30 na biyu, kashi 10 na mai jan ido. A aikace bango da babbar darduma su ne sittin, labule da kujeru talatin, matasai da fitilu da firam goma. Abin da ake mantawa shi ne katako ma launi ne. Babban kabad mai ja-ja ya riga ya cinye rabin talatin ɗin nan kafin a rataya labule. Shi ya sa kore mai duhu da shuɗi mai duhu suke yi wa irin wannan katako kyau, suna fito da jansa, yayin da bango ruwan goro yake haɗiye shi.

Yanzu gwaji, inda mafi yawan nadama ke farawa. Ɗan katin launi da bai kai tafin hannu ba yana yaudara, launin yakan fi ƙarfi idan ya bazu a bango mai murabba'in mita 12. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa sau biyu a kan kwali ko falanki mai faɗin rabin mita zuwa mita guda. Kada a shafa kai tsaye a farin bango, farin da ke kewaye zai sa launin ya yi duhu fiye da gaskiyarsa. Jingina kwalin a bayan tsohon kayan da kansa, ka bar shi kwana biyu ko uku, kana matsar da shi daga bango zuwa bango. Duba shi da safe, da tsakar rana, da yamma, da dare bayan an kunna fitila. Tagar gabas tana ba da haske mai ɗumi da safe, ta yamma tana ƙara wa komai ja kafin faɗuwar rana.

Ƙwan fitila ma yana canza launi. Duba lambar da ke jikin kwalinsa. Mai 2700K haskensa rawaya-rawaya ne, yana yi wa ja da ruwan goro da katako kyau, amma yana iya dusashe shuɗi. Mai 6500K fari ne fat mai sanyi, yana sa tsohon katako ya yi kamar mara lafiya. Tsakanin 2700K da 3000K ya fi dacewa da irin wannan ɗaki. Akwai wata lamba kuma, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwan yake fito da launi daidai. A nemi 90 ko sama da haka.

Lissafin fenti ba shi da wuya. Lita guda ta fentin ruwa tana rufe kusan murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 5, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 54 ne. Cire kamar 6 na ƙofa da taga, saura 48. Shafa biyu 96 ke nan, wato lita 8 zuwa 10. Sai dai ja da rawaya da ruwan goro ba sa rufe bango da kyau kamar sauran launuka, sukan buƙaci shafa uku, wani lokaci huɗu. Maganin ja shi ne a fara shimfiɗa firaima, wato shafar farko da ake yi kafin fenti, mai ruwan toka maimakon fara. Idan gwangwani ya wuce ɗaya, a juye su duka a babban bokiti a gauraya kafin a fara, domin gwangwani biyu masu suna ɗaya kan ɗan bambanta, kuma a launi mai duhu bambancin yana fitowa ƙarara a tsakiyar bango.

Launi mai duhu ba ya rufa wa bango asiri. Duk wani rami ko tsaga sai ya nuna, musamman idan fentin mai sheƙi ne. A cike ramuka, a goge da samfefa mai lamba 120, a share ƙura, a zaɓi fenti mara sheƙi ga bango, a bar mai sheƙi ga ƙofa da firam ɗin taga. Bangon da ke tsattsafo da danshi sai an gyara tushen matsalar, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. Ana fara zagaye gefuna da burushi, a bi da rola nan take tun gefen bai bushe ba, a gama bango guda kafin a huta. Wanda ya tsaya a tsakiya ya dawo bayan awa guda zai ga layi a inda ya tsaya. A bar aƙalla awa huɗu tsakanin shafa da shafa, kada kuma a wanke bangon ko a manna masa kaya sai bayan mako biyu zuwa huɗu, lokacin da fentin ya gama ƙanƙamewa.

Game da kayan kansu, ina roƙon a yi haƙuri kafin a shafa wa tsohon katako fenti. Sau da yawa datti ne kawai ya rufe shi. Tsumma mai ɗan laima da sabulu mara ƙarfi, sannan kakin goge katako, sukan dawo da shi. Idan saman ya lalace har fenti ya zama dole, a cire maɗaurai da hannayen durowa, a goge da samfefa 120 sannan 220, ana bin layin katakon. Wasu katakai masu ja ko duhu suna fitar da tabo ruwan ƙasa ta cikin sabon fenti bayan kwana kaɗan, abin da ke hana shi shi ne firaima ta shelak, wato mai wani irin ƙaro da ke toshe tabo. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da garin katako a ƙarƙashinsu alama ce ƙwaro yana ciki da rai, a yi maganinsa kafin kayan su shiga ɗaki. Hannun durowa kuma a gwada shi da maganadisu: tagulla ta gaske ba ta kamawa, idan ya kama, ƙarfe ne aka yi wa rufi, goge shi da ƙarfi zai cire rufin.

Tsohon fenti yana da haɗarin da bai kamata a raina ba. An daɗe ana saka dalma a cikinsa, sai a 1978 Amurka ta hana amfani da shi a gidaje, wasu ƙasashe kuma sun yi jinkiri sosai fiye da haka. Ƙurarsa guba ce, ta fi cutar da yara ƙanana da masu ciki. Kada a goge shi a bushe, kada a ƙona shi da wuta. A gwada da kayan gwajin dalma, ko a rufe shi da sabon fenti idan bai fara ɓarewa ba. Tsohuwar fitila ma kada a jona ta sai mai aikin wuta ya sauya mata waya da soket, robar tsohuwar waya takan bushe ta tsage daga ciki.

Sai rataye. Tsakiyar hoto ko madubi ya kasance kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai ido. A kan doguwar kujera a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin bayanta da ƙasan firam. Sandar labule ta hau sama da taga da santimita 10 zuwa 15, yadin kuma ya ninka faɗin tagar sau biyu don ya yi cika. Idan labulen mai launi ne kuma rana na dukan tagar, a ɗinka masa shafi daga baya, domin ja da shuɗi suna saurin koɗewa a rana, kuma shafin ne zai sha zafin maimakon yadin.