Karatun Neman Makami

Wani dattijo ya taɓa katse ni ina tsakiyar zuba, ya ce, "Yaro, Arba'una Hadisi ɗin nan da kake ta ambata, hadisai nawa ne a cikinta?" Na yi dariya na ce, "Haba Baba, ai sunan ya faɗa, arba'in." Ya ce in je in ƙirga. Da na koma na buɗe, sai ga hadisai 42. Sau uku na kafa hujja da wannan littafi na Imam Nawawi a zama ɗaya, alhali ban taɓa bin sa daga bango zuwa bango ba. Ɗan littafin da bai kai kaurin yatsa ba.

Ƙannena, wannan kunyar ce mafi sauƙi cikin waɗanda na kwasa, shi ya sa na fara da ita. Na yi shekaru ina tara littattafan addini, na ilimi, na haƙƙin ɗan adam da na zamantakewa, har ana yi mini kallon mai karatu. Gaskiyar magana, makami nake nema. In na buɗe littafi, layin da zan kayar da wani da shi nake farauta. Da na samu sai in ja masa layi, in rufe, in fita neman abokin gardama.

Ranar da abin ya fi yi mini ciwo, da kawuna ne. Ya sayar wa wani mutum kaya, an yi sallama, mai saye bai ko tashi ba ya ce ya fasa. Kawu ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Ni da ba a sa da ni ba na yi tsalle na shiga. Na ce akwai hadisi cewa mai saye da mai sayarwa kowannensu yana da zaɓi matuƙar ba su rabu ba, kuma a cikin Muwaɗɗa yake, Malik daga Nafi'u daga Ibn Umar, isnadin da malamai ke yi wa kirari da sarƙar zinariya. Ban tsaya nan ba. A gaban mutane na ce da ƙanin mahaifiyata yana fifita son kuɗi a kan maganar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Bai ce mini uffan ba. Ya mayar wa mutumin kuɗinsa, ya karɓi kayansa.

Bayan kwana biyu na kai labarin wurin wani malami, ina jiran a yaba mini. Ya ɗauko Muwaɗɗa, ya buɗe babin, ya ce in karanta hadisin. Na karanta. Ya ce, "To ci gaba, layin ƙasa." A nan Imam Malik da kansa, bayan ya ruwaito hadisin, yake bayyana cewa wannan rabuwar ba ta da wata sananniyar iyaka a wurinsu, kuma ba a kan haka aiki yake gudana ba. Malam ya yi mini bayani: Shafi'i da Ahmad sun ɗauki rabuwar da ma'anar tashi daga wurin zama, su kuwa Malikawa da Hanafawa suna ganin ciniki ya ƙullu da zarar an gama magana an yarda. Saɓani ne da ya haura shekara dubu, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma babu wanda ya jahilci hadisin a cikinsu. Kawuna yana kan maganar wani babban limami, ni kuwa ina kan rabin shafi. Hadisin ma ba a littafin na gan shi ba, wani ne ya tsakuro shi a rubutunsa na haddace.

Ba ina ce muku ku bar hadisi ku bi maganar wani ba, kada a juya mini zance. Cewa nake in an tsakuro muku layi daga littafi, ku je ku ga abin da ke samansa da abin da ke ƙasansa kafin ku buɗe baki. Kuma littafin fiƙihu da na hadisi ba a cin su da fassara kaɗai. Na raina ƙananan littattafai irin Ahalari da Iziyya, ina ganin karatun yara ne, na daka tsalle sai manyan kundaye, ga shi ko Ajurrumiyya ban sauke ba. Wanda ya bi matakala a gaban malami yana koyon abin da ba a rubuta a shafi ba: wace magana ce mashhuriya, wacce ce mai rauni, ina ne aka yi saɓani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na kuwa sa shi a wuyana da hannuna.

Da na juya ga littattafan haƙƙin ɗan adam, cutar ba ta sake ni ba, riga kawai ta sauya. Na daɗe ina zagin Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ina cewa shirin Turawa ne daga farkonta har ƙarshe. Wata ƙanwata da ke karatun lauya ta gaji da ni, ta buga ta a takarda ta ajiye mini. Ta ce, "Yaya, sashe 30 ne kacal. Nuna mini wanda ba ka yarda da shi ba." Ban yi rabin awa ba na gama. Sashe na 5 ya hana azabtarwa. Na 9 ya hana kama mutum ko tsare shi haka siddan. Na 11 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar a gaban shari'a. Na 26 ya ce kowa yana da haƙƙin ilimi, kuma na matakin farko ya zama kyauta. Ina mai imanin da zai yi faɗa da waɗannan?

Akwai wuraren da ke da magana, ba na ɓoyewa. Sashe na 16 kan aure da na 18 kan sauya addini su ne suka sa Saudiyya ta ƙaurace wa ƙuri'a a ranar 10 ga Disamba, 1948, a birnin Paris. Ƙasashe 48 suka amince, babu wadda ta ce a'a, 8 suka ƙaurace, cikinsu har da Tarayyar Sobiyet da Afirka ta Kudu. Masar, Pakistan, Iran, Iraƙi, Siriya da Turkiyya duk suna cikin waɗanda suka amince. Cikin masu tsara ta akwai Charles Malik na Labanan da P. C. Chang na Sin da Hansa Mehta ta Indiya. A ɗaya gefen kuma, ƙasashen Afirka huɗu ne kawai ke cikin Majalisar a lokacin, wato Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu, sauran suna ƙarƙashin mulkin mallaka, ba a ji ta bakinsu ba. Kun ga mai suka yana da abin faɗa, mai yabo ma haka. Ni dai a da ba ni da ko ɗaya, hayaniya ce kawai.

Sai kuma na zarce ɗaya ƙarshen, kamar yadda sabon tuba kan yi. Na riƙa yawo da takardar nan ina gaya wa mutane su kai ƙara da ita. Ƙanwar tawa ce ta sake taka mini birki. Sanarwa daban, yarjejeniya daban. Ta 1948 bayyana manufa ce. Yarjejeniyoyin da ke ɗaure ƙasar da ta sa hannu ta kuma tabbatar sai a 1966 aka amince da su, ba su ma fara aiki ba sai 1976. Afirka ta yi tata a 1981, wadda ta haɗa haƙƙin mutum da haƙƙin al'umma, ta kuma lissafa nauyin da ke kan mutum game da iyalinsa da jama'arsa. Wanda aka zalunta kuwa, abin da zai fara riƙewa a gaban alƙali shi ne tsarin mulkin ƙasarsa da dokokinta. Da wani ya ɗauki shawarata a wancan lokaci, da na kai shi na baro.

A fannin ilimi ba zan ja ba, don abin kunyar gajere ne. Na karanta babi ɗaya daga littafin Paulo Freire na 1968, inda yake sukar malamin da ke ɗaukar ɗalibi kamar asusun da ake zuba wa kuɗi. Washegari na je ina yi wa wata malamar firamare wa'azi don tana sa yara haddar jadawalin sau. Ban san mutumin nan daga koyar da manya talakawa karatu da rubutu a Brazil ya samo tunaninsa ba, mutanen da suka san rayuwa amma aka hana su baki. Malamar ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo mini alli ta ce, "Bismilla, ga aji."

Littafin da ya fara yi mini magani shi ne Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377 yana ɓoye a wata ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau. Na buɗe ta ne don in tsinci kalmar asabiyya, wato haɗin kan dangi ko ƙabila, in riƙa burga da ita. Allah ya sa na fara daga farko, na tarar yana tuhumar manyan masana tarihi da kwafo labari ba tare da sun auna shi ba. Ya kawo misalin masu cewa rundunar Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000. Bai zagi kowa ba. Tambayoyi ya jera: wace ƙasa ce za ta ɗauki nauyin wannan adadi, wane fili ne zai ishe su jera sahu, kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙubu da Annabi Musa da har zuriya za ta yi wannan yawa? A nan na gane cewa ana iya girmama marubuci kuma a auna maganarsa. Tun daga ranar, in littafin zamantakewa ya ce kashi kaza cikin ɗari na mata ko na matasa suna yin abu kaza, sai na duba a wace ƙasa aka ƙirga, a wace shekara, mutum nawa aka tambaya.

Akwai ɗabi'ar da na aro daga Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. Ya zayyana ra'ayoyin masana falsafa a littafi guda yadda su kansu suka faɗe su, ya kuma yi musu raddi a wani littafin daban. Yanzu kafin in soki littafi, nakan gwada faɗin abin da ya ƙunsa yadda in marubucin yana zaune zai ce e, haka nake nufi. Sau da yawa a nan nake maƙalewa, sai in koma shafin farko. A bayan bango kuma nakan rubuta abu uku da fensir: shekarar da aka rubuta shi, ƙasar da marubucin yake, da wanda yake mayar wa martani. Littattafan da nake gamawa a shekara sun ragu ƙwarai, kuma an daina gayyata ta gardama.

Kawu kuwa na ɗauki wata shida ina kewaye-kewaye kafin na iya zuwa ba shi haƙuri. Na tafi da Muwaɗɗa a hannu, na sa yatsa a layin da Malam ya nuna mini, na fara bayani. Ko kallon shafin bai yi ba. Ya ce shi ya karanta wurin tun mahaifiyata ba ta yi aure ba, ya dai ga ina cikin zafi ne a ranar, ga kuma baƙo a tsaye.