Filtar ND da fitowar rana a bakin kogin Yamai

Wahalar hoton fitowar rana guda ce: sama ta yi haske, ƙasa tana cikin duhu. In ka auna hasken sama, gaɓar kogi ta fito baƙa ƙirin. In ka auna ƙasa, sama ta ƙone fari fat. Filtar ND, wato gilashi mai duhu da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage haske, iri biyu ce, kuma wadda ke maganin wannan ita ce mai rabin duhu: samanta da duhu, ƙasanta garau. Auna sama, auna ruwa, ka ga tazarar mataki nawa ke tsakani (mataki ɗaya shi ne ninka haske sau biyu ko rage shi rabi). Mataki 2, sa mai lamba 0.6, mataki 3, sa 0.9. Zame ta a hankali cikin mariƙinta har iyakar duhun ta zauna inda sama ta taɓa ƙasa. In ta sauka da yawa, kawunan itatuwa da gine-ginen ƙetare za su yi baƙi kamar an shafa musu gawayi. Shi ya sa mai iyaka mai laushi ta fi dacewa da Yamai.

Wuri kuwa, ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda da an idar da sallar asuba, ka fuskanci gabas, ruwa da birni a gabanka. A Janairu rana na fitowa bayan ƙarfe 7, a Yuni wajen 6 da rabi. Kada ka juya kyamara wajen sojoji ko gine-ginen hukuma.

Filtar ND ta biyun duhunta ɗaya ne ko'ina, aikinta tsawaita lokacin ɗauka don ruwa ya kwanta sumul. ND8 na rage mataki 3, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. Lissafin ba wuya: in kyamara ta ba ka 1/30 na daƙiƙa ba filta, da ND64 ya koma daƙiƙa 2, da ND1000 ya ɗan haura 30. Kafa mariƙin kyamara mai ƙafa uku a busasshen wuri, don laka na nitsewa a hankali ta girgiza hoton. Saita ISO (ƙarfin jin haske) a 100, buɗewar idon kyamara f/8 zuwa f/11, ka ɗauka a RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba). Saita fokas kafin ka ɗaura filtar, sannan ka maida shi na hannu, domin kyamara ba ta gani sosai ta cikin wannan duhun. Kashe mai hana girgiza, sa jinkirin daƙiƙa 2. Mai DSLR (kyamara mai madubi a ciki) ya rufe ramin leƙe, in ba haka ba haske zai kutsa ta baya ya bar tabo ja-ja.

Hasken safiya ba ya jira. Sake awo duk bayan minti biyu ko uku. Kwale-kwalen masunta kuma a daƙiƙa 30 ɓacewa yake. In kana son ya fito, tsaya kan ND8.

Da hunturu hazo ya riga ya yi rabin aikin, rana na fitowa kamar farin faifai, 0.6 ta isa, wata ran ma ba a buƙatarta. Ƙura ce abin tsoro. Kowane ɗigo a kan gilashi yana watsa haske in ka fuskanci rana. Hura ta da ƴar robar iska kafin ka goge da tsumma mai laushi, don yashi na karce gilashi. Kuma ko da ND1000, kada ka kalli rana ta ramin leƙe. Duba allon baya.