Ambaliyar Kano: a ba mu takarda, ba hoton rabon shinkafa ba

Ruwan Agusta ba baƙo ba ne a Kano. Tun kafin damina ta faɗi hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitar da hasashen yanayi na shekara, hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, kuma ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Gwamnati na samun waɗannan takardu watanni kafin hadari ya haɗo. Don haka duk jami'in da ya tsaya gaban kyamara bayan gidaje sun rushe ya ce "ƙaddara ce", mun yarda da ƙaddara, amma muna so mu ji abin da ya yi tsakanin Afrilu da Yuni.

Aikin sananne ne. Yashe magudanan ruwa ana yin sa ne da rani, a fara daga ƙasa inda ruwan yake fita, wato manyan hanyoyi irin su Jakara, sannan a hauro zuwa kwatocin unguwanni. Kuskure na farko shi ne farawa daga sama: an buɗe wa ruwa hanya ne ya je ya taru a inda ya toshe. Kuskure na biyu kowa na ganin sa a bakin titi: a kwaso yashi da leda a jibge a gefen kwata, babu tifa da za ta kwashe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. An biya ɗan kwangila, an ɗauki hoto, kwata ta koma yadda take. Na uku ya fi su muni, shi ne cike kududdufai ana yanka filaye. Kududdufan cikin birni su ne ma'ajiyar ruwan sama. Wanda ya cike ɗaya bai kori ruwan ba, ya tura shi tsakar gidan maƙwabta ne, kuma ginin ƙasa ba ya jure ruwa ya kwana a gindinsa: tushe ya jiƙa, bango ya zauna, rufi ya biyo.

Lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka, 'yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa. Gini ba ya tsirowa kamar ciyawa. Akwai wanda ya ba da fili, akwai wanda ya sa hannu a takardar izini, kuma hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ce ke da alhakin lura da wannan. Tambayar ita ce sunan wa ke kan takardar. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ma irin wannan tambaya ta bari: wa ya bari aka cike layuka da rumfuna har motar kashe gobara ta rasa hanyar shiga?

Sai batun tallafi, inda ake cin kasuwa. Tsarin da ya kamata shi ne ma'aikatan hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, su shiga unguwa tare da mai unguwa, su rubuta gida gida: sunan mai gida, yawan iyali, ɗakuna nawa suka faɗi. A liƙa jerin a ƙofar gidan dagaci na wasu kwanaki, duk wanda aka tsallake ya kawo ƙorafi, sunan da babu mai shi kuma a gane shi. Da zarar an tsallake liƙawar nan, jerin ya koma hannun shugabannin jam'iyya na mazaɓa, kayan su ƙare a gidan wanda ko ɗigo bai taɓa ba. Kayan ma a duba su. Bandir ɗin kwano ɗaya falle 20 ne, da ƙyar ya rufe ɗaki guda. In babu katako, babu ƙusa, babu siminti na ɗaga tushe, mutum zai sayar da kwanon ya ci abinci, ko ya sake gini da ƙasa a wurin da ya rushe.

Kuɗi kuwa akwai su a takarda. Jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar kason kula da muhalli daga asusun tarayya, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ba kowace jiha naira biliyan 3 don ambaliya. Ba na cewa an sace. Cewa nake a buga: wace kwata, tsawon mita nawa, wane kamfani, nawa aka biya, yaushe aka gama. Majalisar dokokin jiha na da ikon kiran kwamishina ta tambaye shi wannan a bainar jama'a, sai dai majalisar da ta mayar da kanta 'yar amshin shata ba ta yin kira.

Kafafen yaɗa labarai ma suna da nasu kason. Kafafen gwamnati suna buɗe labari da "Mai girma gwamna ya jajanta", wanda gidansa ya rushe ba a jin muryarsa sai in godiya zai yi. A gidaje masu zaman kansu kuma filin siyasa sayen sa ake yi, sojojin baka su cika dare: ruwan da ya zama laifin gwamnati kafin zaɓen 2023 ya koma jarrabawa daga Allah a bakin mutum ɗaya, wanda jiya ke cewa jarrabawa yau shi ke cewa sakaci. A Facebook sai ka ga hoton wata shekara, ko na wani gari, an ce na jiya ne.

Ɗan jaridar da ke son yin aiki ba ya buƙatar izinin kowa. Ya karɓi jerin waɗanda aka ce an raba wa kaya, ya zaɓi sunaye 20, ya bi su gida gida. Ya je kwatar da aka ce an yashe ya zura sanda ya auna laka. In an hana shi jerin, ya nema a rubuce, ya ajiye kwafi mai hatimin karɓa, sannan ya faɗa wa masu sauraro ranar da ya nema da ofishin da ya yi shiru.