Awon hanyar bas: wane tsawo ake nema?

A wannan sana'a tamu ta awon hanyoyin bas, kafin a kunna mota sai an zauna da wanda ya ba da aikin an daddale abin da za a auna, domin "tsawon hanya" abu uku ne. Akwai tsawon layi ɗaya daga tasha zuwa tasha, akwai jimillar titunan da bas-bas ke bi a gari, akwai kuma kilomitan da motocin ke ci a rana. Kuɗin mai da na taya a kan na ukun ake lissafa su.

Na biyun ne ke kawo gardama. A ce layi biyu, kowanne kilomita 10, sun haɗu a titi ɗaya na kilomita 4 kafin su rabu. Mai gaggawa zai rubuta 20, alhali titin da aka shimfiɗa 16 ne. Hukumar sufurin jama'a ta Amurka ma haka take ƙirge: titi sau ɗaya komai yawan layukan da ke kansa, amma zuwa daban, dawowa daban. Mu ma muna raba su, don titin da ba a dawowa ta cikinsa, ko kwanar da sai an zagaya shatale-tale, kan sa dawowa ta fi zuwa. Tafiyar mota babu fasinja daga gareji zuwa tasha kuwa shafinta daban.

Awon kansa da GPS muke yi, mu sa na'urar ta ɗauki maki, wato alamar inda motar take, kowace daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a daƙiƙa. Idan aka bari sai bayan daƙiƙa goma, mita 100 ke nan tsakanin maki biyu, duk kwana ta yanke, awo ya gaza. A wurin lodi kuma akasin haka ne: mota na tsaye, makin na yawo, yana ƙara mitocin da ba a taka ba. Waɗannan sai an share su a kwamfuta, haka ma na ƙarƙashin gada inda sigina ke ɗaukewa.

Agogon kilomita na mota shaida ne kawai. Taya da ta fi ta asali girma da kashi 5 cikin ɗari za ta sa agogon ya nuna kusan 19 a tafiyar kilomita 20. Shi ya sa kowane layi sau uku muke binsa, a bas ɗin haya, ba a ƙaramar mota ba, domin direban bas yakan ratse wa cunkoso. Idan awo ɗaya ya yi nesa da sauran biyun, gobe a sake hawa.