Ashe allon TCAS ba ya nuna maka duk jiragen da ke kusa

Kwanakin baya ina tuƙa Airbus a manhajar koyon tuƙin jirgi da nake da ita a kwamfuta, ina cikin hawa sama sai na ga allona fes babu jirgi ko ɗaya, alhali ina jin mai kula da zirga-zirgar jirage yana magana da wani da ke samana. Abin ya tsaya min a rai sosai, sai da na zauna na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

TCAS ita ce na'urar da ke hana jirage karo a sama, tana aika tambaya ga transfonda (na'urar da ke amsa sigina ta rediyo) ɗin jiragen da ke kewaye, su amsa mata da tsayinsu. To amma allon ba ya zuba maka su duka. Idan maɓalli yana kan N, ƙafa 2,700 sama da kai da 2,700 ƙasa kawai za ka gani. Ka murɗa zuwa ABV sai ya buɗe har ƙafa 9,900 sama, shi ya sa ake sa shi lokacin hawa, BLW kuma na saukowa ne. Ni a N na bar nawa.

Abin da ya kwantar min da hankali shine wannan saitin ido kawai yake shafa, na'urar tana ci gaba da bin duk jirgi mai transfonda da ke kusa ko ba ka gan shi ba, kuma da zarar wani ya zama barazana zai faɗo kan allo ko ba ka nema ba. Na nesa alamarsa mai kusurwa huɗu ce cikinta fanko, in ya shigo nisan mil 6 na teku kuma yana cikin ƙafa 1,200 sama ko ƙasa da kai sai ta cike, in abin ya fara ƙamari ta koma da'ira ruwan ɗorawa, in ya kai maƙura ta zama jan murabba'i kuma murya ta ce ka hau ko ka sauka, daƙiƙa 5 gare ka ka fara bi. In ka ga +05 a gefe to yana ƙafa 500 samanka.

Wanda ya kamata a kiyaye da gaske shine ɗaya maɓallin, domin in ka bar shi a TA (gargaɗi) kaɗai maimakon TA/RA (gargaɗi da umarni) gargaɗi kawai za ta yi, ba za ta ce maka hau ko sauka ba. Kuma wannan umarnin ba abin wasa ba ne wallahi. Ranar 1 ga Yuli 2002 a saman Überlingen a Jamus, na'urar ta ce wa jirgin Rasha ya hau, mai kula daga ƙasa ya ce ya sauka, matuƙan suka bi na ƙasa, shi kuma ɗaya jirgin yana sauka kamar yadda tasa na'urar ta ce. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara.