Inda na kai a gyaran aksil ɗin gaba na tsohuwar Land Cruiser

'Yan'uwa masu koyon gyaran motocin shiga daji, ga bayanin inda aiki ya tsaya a kan motar da nake koyo da ita, wato Toyota Land Cruiser samfurin 80, irin wanda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, mai injin dizal 1HZ na silinda shida da girman lita 4.2. Injin bai ba ni wahala ba, domin abin da ya nema a hannuna zuwa yanzu bai wuce baƙin mai a kan lokaci da matatar iska mai tsabta ba. Aikin yana ƙarƙashin mota, inda ruwa da laka da yashi suke taruwa, kuma a wannan karon aksil ɗin gaba na buɗe, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba biyu yake kai musu ƙarfin injin.

Alamar da ta sa na buɗe shi ita ce wani baƙin maiƙo mai ruwa-ruwa da yake tsiyaya ta bayan taya, a jikin ƙwallon ƙarfen da taya take juyawa a kansa idan an karya sitiyari. A wannan mota ba roba mai lanƙwasa ce take rufe mahaɗin aksil ba, kamar yadda ake gani a ƙananan motoci. Mahaɗin, wanda ake kira Birfield, yana zaune ne a cikin rufaffen gidan ƙarfe da aka cika da giris, kuma ƙwallaye shida da ke cikinsa su ne suke kai ƙarfin injin ga taya ko da tana karkace. Tsakanin wannan gida da bututun aksil akwai ƙaramin sil, wato zoben roba mai hana yoyo, wanda aikinsa shi ne raba man giya da giris. Idan ya gaji, man giya yakan ratso ya narkar da giris ɗin, ya wanke shi daga jikin ƙwallayen, daga nan kuma a fara jin ƙas-ƙas idan an sha kwana.

Da na kwance notin zubar da mai na tukunyar aksil, inda giyoyinsa suke, man da ya fito ba shi da launin man giya. Ya yi ƙasa-ƙasa mai haske, wanda ke nuna ya gauraya da ruwa. (Kullum a fara kwance notin zuba mai kafin na zubarwa, domin idan na sama ya ƙi kwancewa bayan an tsiyaye man, mota ta zauna ke nan.) Wannan launi shi ne ya kai ni ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a aikin, wato ɗan ƙaramin mashaƙin iska da ke saman aksil, wanda yawancinmu ba ma ko kallonsa.

Aksil yana ɗaukar zafi a tafiya, iskar da ke cikinsa tana kumbura, mashaƙin kuma yana ba ta hanyar fita. Idan laka ta toshe shi, matsin iskar yakan nemi wata hanya, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta wancan sil ɗin, sai ya tura man giya cikin gidan giris. Idan kuma aka shiga rafi da aksil mai zafi, sanyin ruwa yakan sa iskar ta tsuke nan take, aksil ya zuƙo abin da ke kusa da shi ta bakin mashaƙin ko ta gefen sil. Saboda haka wanda ya canja sil bai duba mashaƙin iska ba, zai sake kwance wannan aksil ba da daɗewa ba. Na cire nawa, na same shi a daskare da busasshiyar laka, na maye gurbinsa da dogon tiyo da na ja har saman ɗakin injin, na sa ƙaramar matata a bakinsa. Na bar wa tiyon sassauci a ƙasa, domin aksil yana sauka sosai idan taya ɗaya ta faɗa rami, kuma gajeren tiyo zai fizge.

Kwancewar kanta ba ta da wuyar fahimta, sai dai ƙazanta da buƙatar haƙuri. Na ɗora motar a kan matokaran ƙarfe, na sa waigi a tayoyin baya, domin jak na ɗagawa ne kawai, ba a amince masa da rai. Na cire birki na rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Manyan notocin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, suna buƙatar soket mai milimita 54, wanda ba ya cikin akwatin kayan aiki na yau da kullum, don haka a tanade shi tun kafin a fara. Duk siririn farantin shim da na ciro daga boris ɗin gwiwar aksil, wato wancan gidan ƙarfe da Birfield yake ciki, na yi masa alama, domin kaurinsa ne yake daidaita matsin boris, kuma dole ya koma inda ya fito. Na wanke komai da kananzir har ƙarfe ya fito fili, sannan na bi ƙwallaye da hanyoyinsu da ido da farce ina neman rami ko tsaga.

A jikin sandar aksil na ga siririn layi da tsohon sil ya ci. Idan sabon sil ya zauna a kan wannan layi zai ci gaba da yoyo, shi ya sa na zaunar da shi ya ɗan goce daga wurin, kuma na tura sandar a hankali ina tallafe da ita don kada haƙoranta su yanki leɓen robar.

Giris iri biyu aikin yake ci, kuma ban yarda da shawarar masu cewa kowanne ma ya yi ba. Birfield yana son baƙin giris mai sinadarin molibdenum, wanda yake jure matsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe masu gogayya, kuma littafin gyaran motar ya ce a cika gidan kimanin kashi uku cikin huɗu, ba a danƙare shi ba. Boris ɗin taya kuwa nasa giris ɗin daban ne, mai jure zafin birki. A tukunyar aksil na zuba man giya na ajin GL-5 har ya fara dawowa ta bakin ramin zubawa, mota tana tsaye a wuri mai daidai.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗaure boris ɗin taya. Ƙwararren makanike yana iya gane matsin da tafin hannunsa, amma mu masu koyo ba mu kai nan ba, kuma babu dalilin yin kamar mun kai. Ana ɗaure notin ciki da ƙarfi ana juya hob don boris ya zauna, a sassauta shi, a sake ɗaurewa kaɗan, sannan a maƙala ƙaramin sikelin rataye a jikin kusar taya a ja, a karanta nauyin da hob yake fara motsi a kansa, a gwada da adadin da ke cikin littafi. Idan ya yi sako-sako taya za ta yi wasa ta ci sil, idan ya matse boris zai yi zafi ya ƙone. Washar makulli, wato zoben ƙarfe mai kunnuwa da ke tsakanin notocin biyu, na sa sabuwa, tunda kunnuwanta sukan karye idan an sake lanƙwasa su.

Bayan gwajin farko a hanya mai gargada na taɓa hob na dama da na hagu, ɗuminsu ɗaya, kuma bayan taya ya bushe. Na sake bin notoci huɗun da ke riƙe da hannun sitiyari a ƙasan gwiwar aksil da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, domin an san su da sassautawa a irin wannan tafiya, kuma idan suka karye sitiyari ya rabu da taya. Abin da ya rage shi ne aksil ɗin baya da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, waɗanda su ma zan ɗaga mashaƙansu, sai kuma kuros ɗin furofela, wato mahaɗin sandar da ke kai ƙarfin injin ga aksil, wanda na ji yana ɗan wasa da na girgiza shi da hannu.