Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Jakar Gefen Fili

A makon jiya na tsaya a inda gwiwata ta dama ta raba ni da ƙwallo ina ɗan shekara 19, bayan an kai ni wurin mai ɗori har sau uku ba tare da na ga sauƙi ba. Ban ɗora wa mutumin laifi ba a lokacin, kuma har yau ban ɗora masa ba, domin abin da ya gada shi ne haɗa ƙashin da ya karye, ni kuwa ƙashina lafiya lau yake. Abin da ya tsinke jijiya ce da ke can tsakiyar gwiwa, wadda take riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri don kada ɗaya ya zame wa ɗaya, kuma babu karan ɗori ko tofi da zai kai inda take. Sai bayan shekaru na san haka.

Da na fara takawa ba tare da sanda ba, zaman gida ya gagare ni, sai na koma filin da ƙungiyar unguwarmu take atisaye a wajen Ƙofar Marusa, ina zama a kan benci ina kallon abokaina. Koci ya ga zaman nawa ya yi yawa, sai wata rana ya miƙo mini wata tsohuwar jaka ya ce daga yau ni ne likitan ƙungiya. A cikinta akwai bandeji guda biyu da aka sha wankewa, da kwalbar man zafi, da almakashi, da auduga, ranar wasa kuma a haɗa mini da kula mai ƙanƙara da ruwan leda. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun fara kirana Dokta, ni kuma ina amsawa da fara'a, alhali iyakar sanina shi ne in ruga a guje idan wani ya faɗi, in kwarara masa ruwa a ka, in murza inda ya nuna mini da man zafi, in ce ya tashi ai namiji ne.

Na yi kusan shekara guda ina wannan ɓarna da kyakkyawar niyya. Duk wanda ya yi targaɗe a idon sawu sai in zauna in yi masa tausa da iya ƙarfina, washegari ƙafar ta kumbura suntum, mu ce ai ciwon ne yake fita. Ban san cewa zafi da murza suna ƙara kwararar jini zuwa wurin da ya riga ya ji rauni ba, kuma abin da sabon targaɗe yake bukata a kwanakin farko shi ne hutu, da ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na kimanin minti 15 zuwa 20, da ɗauri mai ɗan matsewa, da ɗaga ƙafar sama.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a wani wasan sada zumunci da yamma. Mai tsaron bayanmu, yaro ɗan shekara 17 da muke kira da sunan wani ɗan wasan Turai, ya yi tsalle tare da abokin karawarsa suka gwara kai, ya faɗo ya yi shiru na ɗan lokaci. Na zuba masa ruwa ya buɗe ido, na tambaye shi ko zai iya, ya ce zai iya, na tura shi ya koma. Ya ƙarasa wasan yana ta tambayar abokansa ci nawa ne, muna dariya. Bayan sallar isha'i yayansa ya zo gidanmu hankali a tashe, ya ce yaron yana ta amai kuma ba ya gane mutane sosai, sun wuce da shi asibiti. Allah ya sa ya tashi bayan kwanaki, amma a daren nan, a barandar asibitin, wani dattijo da ke aiki a sashen gashin ƙashi ya tambayi wanda ya mayar da yaron fili, aka nuna ni.

Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Ɗana, wa ya koya maka wannan aiki?” Na ce babu kowa, Baba. Ya ce, “To ka sani ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma da ya sake samun wani bugun a wurin kafin ta huce, da wata maganar ake yi yanzu. Duk wanda ya bugu a ka har ya rikice, ya gama wasan ranar, ko shi ne sarkin ƙwallon duniya.” Daga nan ya ce in ina son aikin da gaske in same shi ranar Asabar a filin folo, inda yake zuwa taimaka wa mahaya idan doki ya kayar da su.

A Katsina folo tsohon wasa ne tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa ƙwarai, amma ni a iya tsawon rayuwata ban taɓa tunanin akwai mai zama a gefen filin don jiran wanda zai faɗo ba. A can na fara zama almajirin wannan dattijo, ina riƙe masa jaka, yana yi mini bayani tsakanin zagaye da zagaye. Abu na farko da ya cire mini daga kai shi ne ɗaukar aikin a matsayin tausa da ƙanƙara. Ya ce mutum uku ne jama'a suke cakuɗawa: koci, wanda aikinsa dabarar cin wasa, da mai horar da ƙarfin jiki, wanda yake sa gudu da ɗaga ƙarfe, da mai kula da lafiyar 'yan wasa, wanda shi ma'aikacin lafiya ne da aka ajiye a fili, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da likita, kuma amanar jikin ɗan wasa ce a hannunsa, ba sakamakon wasa ba.

Yawancin aikin, kamar yadda na fahimta daga baya, ana yin sa ne kafin alƙali ya busa usur. Mai wannan aiki shi yake sanin wanda ya taɓa gocewar kafaɗa, da wanda yake da asma, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a makon da ya wuce amma yana ɓoyewa don kada a ajiye shi a benci. Shi yake ɗaure idon sawun da ya saba turguɗewa, ya zagaya fili ya duba rami da fasasshiyar kwalba, ya tsaya a kan ɗumama jiki yadda ya kamata. Hukumar FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 20 da ake kira 11+, wanda aka tsara musamman don rage raunin gwiwa da idon sawu da cinya, kuma ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo, amma na sha wahala kafin yaranmu su yarda cewa ba ɓata lokaci ba ne. A garinmu kuma akwai rana. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, tsara lokacin atisaye da yawan ruwan da yaro zai sha tsakanin buɗa-baki da sahur ya fi duk wani magani da ke cikin jaka muhimmanci.

Darasin da dattijon ya fi nanatawa shi ne na zuciya. Yakan ba ni labarin Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya, wanda ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana karawa da Angola, da na Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a 2003, dukansu babu wanda ya taɓa su kuma dukansu ba su tashi ba. Yakan ce idan ɗan wasa ya faɗi ba tare da an buge shi ba, kuma ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, to ka ɗauka zuciya ce ta tsaya, kada ka tsaya fifita ko yayyafa ruwa ko cusa cokali a baki. Ya sa na je na yi horon taimakon gaggawa na ƙungiyar Red Cross, inda na koyi danna ƙirji sau 30 a hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti guda. Shekaru bayan haka, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United ɗinmu, ya rasu. A watan Yuni na 2021 kuma duniya ta kalli Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Kofenhagen, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, ya rayu har ya koma buga ƙwallo. Rai na Allah ne, amma tun daga lokacin ba na shiga kowane fili, ko babban filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ne ko na makarantar firamare, ban tambayi inda wannan na'ura take da inda motar asibiti ta tsaya ba.

Wata rana na tambaye shi yadda mutum yake zama cikakken mai wannan aiki, ba ɗan riƙon jaka ba. Ya ce a Amurka sana'a ce mai zaman kanta, masu yin ta suna da ƙungiyarsu tun 1950, kuma ƙungiyar likitocin ƙasar ta amince da ita a matsayin ɓangaren aikin lafiya a 1990. A yau ma sai mutum ya yi digiri na biyu a fannin, ya ci jarrabawar hukumarsu, kafin a ba shi shaidar ƙwarewa. A nan gida kuwa babbar ƙofar da ake bi ita ce karatun fisiyo, wato abin da mutanenmu suke kira gashin ƙashi, duk da cewa gashi ɗan ƙaramin yanki ne na ilimin. Mai so sai ya samu kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri da fizis, ya zauna jarrabawar JAMB, ya yi shekara biyar a jami'a a zamaninmu, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi rajista da hukumar MRTB da aka kafa a 1988 don kula da masu irin wannan aiki, ya yi hidimar ƙasa, daga nan ya karkata zuwa ɓangaren wasanni. Akwai kuma masu shigowa ta karatun motsa jiki da kiwon lafiya a kwalejojin ilimi da jami'o'i, ko ta kwasa-kwasan Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, kuma suna da amfani ƙwarai wajen ɗumama jiki da rigakafin rauni da taimakon farko. Sai dai ya ja kunnena cewa wannan hanya ba ta ba mutum izinin duba majiyyaci da yi masa magani, kuma wanda ya san iyakarsa a wannan aiki ya fi wanda ya san abu da yawa amma bai san inda zai tsaya ba.

Matsalata ita ce ban ci fizis da kimistiri ba a sakandare, domin lokacin da ake koyar da su ina fili. Da na gaya wa mahaifina ina son in sake zama jarrabawa, ya ajiye carbinsa ya dube ni ya ce, “Wato tausa za ka tafi jami'a ka koyo? Ga shago a kasuwa yana jiranka.” Na ce, “Baba, ba tausa ba ce, aikin asibiti ne.” Bai gamsu ba sai da dattijon nan ya tako da kansa har zauren gidanmu, suka yi doguwar magana wadda ban ji ba, ya fito ya ce mini Alhaji ya amince da shekara biyu, in ban samu gurbi ba in kama shago. Ban ɓoye wa masu sha'awar wannan hanya ba cewa damuwar mahaifina tana da tushe, domin ƙananan ƙungiyoyi ba su cika biyan abin kirki ba, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke haɗa aikin asibiti da na fili. Ina kuma ganin 'yan matanmu masu karatun kimiyya sun yi sakaci da wannan fanni, alhali 'yan wasa mata da ɗalibai mata sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu, iyayensu ma sun fi natsuwa.

Ina cikin shirin jarrabawar ne muka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar unguwanni. Saura minti 20 a tashi, ana kunnen doki, mai ci mana ƙwallo ya yi karo da gola ya faɗi. Na isa wurinsa na tambaye shi da wace ƙungiya muke wasa, ya dube ni ya kasa faɗa, sai murmushi yake yi yana cewa lafiyarsa ƙalau. Na ɗaga hannu na nuna a yi canji. Koci ya taso har bakin layi yana cewa, “Kai Dokta, ka zuba masa ruwa ya tashi mana!” Na ce, “Koci, ka yi haƙuri, wannan ya gama na yau.” Ya ce ai shi ya ba ni jakar, kuma shi zai karɓe abarsa. Na ce ya karɓa bayan an tashi, amma yaron ba zai koma ba, na kama hannunsa na zaunar da shi a inuwa, na aika a kira yayansa ya zo da babur a kai shi asibiti.

An ci mu ɗaya a minti na ƙarshe. 'Yan kallo suka bi ni da baƙar magana har bakin titi, koci kuma ya karɓi jakarsa a gaban kowa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. A cikin waɗannan watanni biyu ne sakamakon jarrabawata ya fito, daga baya kuma sunana ya fito a Jami'ar Bayero ta Kano. Yadda na isa Kano da akwatin ƙarfe da gwiwa mai ciwo, da ranar da aka fara shigar da mu ɗakin koyon sassan jikin ɗan'adam, shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.